Babi na 6: In Esin Mota Ya Daina Sanyi

Daga Katsina zuwa Dutsin-Ma tafiyar kusan awa guda ce. Ka fita ta Ƙofar Kwaya, ka bar Batagarawa da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a baya, ka ratsa Kurfi, can sai ga dutsen da garin ya ci sunansa. Da damina tafiya ce mai daɗi. Amma a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, kwaltar kanta sai ta riƙa rawa a idon direba. Ga shi matsalar tsaro ta sa mutane sun rage tafiyar dare da ta asuba a wannan yanki, don haka ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da ɗan kasuwa, da mai kai marar lafiya asibiti, duk da rana tsaka suke bin hanya. In ka sauke gilashi, iskar da ke shigowa kamar daga bakin murhu take. Ga mai jariri a mota, ko tsohuwa mai hawan jini, ko mai azumi, esi ya wuce kayan ƙawa.

A wata bazara esin motata, Corolla 'yar Kwatano, ya fara huro iska mai ɗumi. Na kai ta wurin wani mai gyara, ya ɗaga boneti ya ce gas ya ƙare. Aka zuba. Sanyi ya dawo, bayan mako uku ya tafi. Aka sake zubawa, wannan karon ko kwana goma bai yi ba. A karo na uku na tsaya wurin wani dattijo a Dutsin-Ma, na ce masa gas nake so.

Ya ce, "Yallaɓai, sau nawa aka sa maka gas bana?"

Na ce, "Sau biyu, Baba."

Ya ce, "To na farkon ina ya tafi?"

Duk abin da ke cikin wannan babi daga tambayar nan ya fito. Gas ɗin esi ba fetur ba ne. Inji ba ya ƙona shi, sanyin da kake ji ba ya cinye shi. A rufe yake, yana zagaye cikin bututu, kuma mota lafiyayya takan yi shekaru da wanda aka zuba mata a kamfani, in ban da ɗan abin da ke sulalewa a hankali. Idan ya ƙare cikin mako uku, akwai kafar da yake fita. Wanda ya ƙara gas bai nemo kafar ba, ruwa ya zuba a kwando. Sannan sau da yawa gas ɗin ma yana nan, ciwon a wani wuri yake.

Don a gane wannan, sai a tuna da randa. Ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi saboda yana nasowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, kuma duk ruwan da zai zama tururi sai ya kwashi zafi daga abin da yake jingine da shi. Da wannan hikima Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don tumatir da alayyafo su daɗe ba su lalace ba, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Esi ma haka yake aiki, sai dai maimakon ruwa, wani sinadari yake amfani da shi. A yawancin motocinmu sunansa R134a, kuma in ba a matse shi ba yana tafasa tun a digiri 26 ƙasa da sifili. Inda suka rabu da randa shi ne, ita tururinta iska ke tafiya da shi, dole gobe a ƙara mata ruwa. Shi esi kamo tururinsa yake ya mayar da shi ruwa, ya sake amfani da shi.

Kwamfureso, wanda belin inji ke juyawa, shi ne ke matse tururin har ya yi zafi ƙwarai. Daga nan ya wuce kandansa, wato faffaɗan abin nan mai kama da lagireto da ke gaba da lagireton, inda iska ke kwashe masa zafi ya koma ruwa. Ya bi ta diraya, mai tace datti da tsotse laima, ya isa wata 'yar ƙaramar kafa da ke fesa shi cikin ibaforeta, wadda ke ɓoye a cikin dashbod. A nan yake tafasa, ibaforetar ta yi sanyi ƙarara, fankar ciki ta huro iska ta jikinta zuwa fuskarka. Tururin ya koma wurin kwamfureso, zagaye ya ci gaba. Ko'ina a hanyar nan aka samu cikas, abu ɗaya mai mota zai ji, wato ɗumi. Shi ya sa "ba ya sanyi" bai isa bayani ba. Sai an tambaya: yaushe ne ba ya sanyi, kuma ta yaya?

Fara da abin da ba ya cin ko kwabo. Kunna fanka har ƙarshe ka kara tafin hannu a bakin mahurin. In kana jin ƙarar fanka amma iskar da ke fitowa ba ta da ƙarfi, zargi na farko a kan filta yake. A motoci da yawa tana bayan aljihun dashbod na ɓangaren fasinja, kuma da hannu ake zaro ta. Waɗanda suka ƙera motar sun yi lissafin a canza ta kamar sau ɗaya a shekara, a ƙasashen da ba su san hazon hunturu ba. Mu kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura muke shaƙa, ga hanyoyin burji na shiga ƙauyuka da gonakin rani na gefen madatsar Zobe. Na ga filtar da aka zaro ta zama kamar bulon ƙasa, mai motar bai ma san akwai ta ba tun da ya saya. Duba kuma maɓallin nan mai hoton mota da kibiya a lanƙwashe a cikinta. In yana kunne, esi iskar cikin mota yake ta juyawa yana ƙara mata sanyi. In yana kashe, iskar waje mai digiri 40 yake ta kokawa da ita, ƙura kuma na biyo ta.

Alama ta biyu ita ce wadda na fi son mai mota ya riƙe, don tana faɗin ciwo kusan kai tsaye. Kana kan hanyar Kurfi kana gudu, sanyi kamar firji. Ka shigo Dutsin-Ma ranar Laraba, ranar kasuwa, ka maƙale tsakanin motocin dabbobi da 'yan acaɓa, sai ɗumi ya fara. Wannan da wuya ya zama ƙarancin gas kaɗai. Kandansa ce ba ta samun iska. Da kana gudu iskar hanya na yi mata aiki, da ka tsaya kuwa sai fankar gaba ta karɓa. Tsaya a inuwa, bar inji a kunne, kunna esi, ɗaga boneti ka duba daga nesa kaɗan, ka kiyaye bakin riga da hannu. Fankar na juyawa? Da ƙarfi take juyawa ko da ƙyar? In ta mutu ko ta gaji, ka samu ɓarawonka. In lafiyarta lau, leƙa jikin kandansar da ratar da ke tsakaninta da lagireto. A nan ƙura da ƙaiƙayi da fuka-fukan kwari da ledar fiya wata suke taruwa su yi dabe. Ruwan tiyo marar ƙarfi yana wanke su. Injin wankin mota mai feshi da ƙarfi kuwa yana kwantar da siraran haƙoranta, ya toshe ta fiye da da, don haka a gargaɗi yaron wanki. A tuna kuma cewa motoci da yawa suna yanke esi da kansu in inji ya ɗau zafi, saboda haka a kalli allurar zafin inji kafin a ɗora wa esi laifi.

Sai kunne. Inji na silo, ka sa wani ya danna maɓallin esi kai kana tsaye a gaba. A yawancin motocin da muke hawa za ka ji wani ƙas, sautin inji ya ɗan sauya, tsakiyar fulin kwamfureso ta fara juyawa tare da bel. Kulocin kwamfureso ke nan ya kama. Wasu sababbin motoci, musamman na Turai, ba su da irin wannan kuloci, don haka shirunsu ba ya nufin komai. Amma ga mai shi, in ba a ji ƙas ba, kwamfureso bai tashi ba, kuma dalilan sun faro daga masu araha. Fis na iya ƙonewa. Rile na iya mutuwa, kuma a akwatin fis sau da yawa akwai wani irinsa sak, kamar na oda, da za a musanya a gwada cikin minti ɗaya. Waya na iya tsinkewa ko ɓera ya ci. Akwai kuma wani makunni da ke auna ƙarfin gas, wanda aikinsa shi ne hana kwamfureso tashi in gas ya yi ƙasa sosai ko ya yi sama sosai.

A nan nake roƙon masu gyara da masu mota baki ɗaya. Akwai al'adar da ta yi mana katutu, ta ja waya kai tsaye daga batir zuwa kwamfureso a tsallake makunnin nan, a ce an yi dairek. Kwamfureso zai tashi, mai mota ya biya yana murna. Amma man da ke shafe cikin kwamfureso tare da gas yake yawo. In gas ya yi ƙasa, mai ba ya dawowa, ƙarfe ya yi ta cin ƙarfe. Makunnin gaskiya ya faɗa, sai aka toshe masa baki. Matsalar yoyon zoben robar da bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba, ta wannan hanya take zama sayen kwamfureso.

In kuloci ya kama, taɓa bututun alminiyon guda biyu da suka shiga bangon da ke tsakanin inji da dashbod. Mai kaurin ya kamata ya yi sanyi har ya yi raɓa. Siririn ya yi ɗumi, kuma wanda ya fito daga kwamfureso zuwa kandansa zafi yake har ya ƙona, a kiyaye shi. In mai kaurin na da sanyi sosai amma cikin mota ɗumi, gas na aikinsa, ciwon na cikin dashbod. Motocin da aka ƙera don ƙasashen sanyi suna da hita mai ɗauke da ruwan zafin inji, da wata 'yar ƙofa da ke raba iskar zafi da ta sanyi. In ƙofar ta maƙale, zafi ke gauraya da sanyin, kuma ko gas nawa aka zuba ba abin da zai canza.

Akwai wani ciwo mai wasa da hankali. Ka taso daga Dutsin-Ma da sanyi, kafin ka kai Kurfi ya ɗauke. Ka tsaya ka yi salla, ka tashi mota, ya dawo. Abu uku ke kawo haka. Ko dai ibaforeta ce ke yin ƙanƙara ta toshe hanyar iska, a nan za ka ji iskar na raguwa kafin sanyin ya tafi. Ko laima ce ta shiga cikin bututu tana daskarewa a bakin 'yar kafar nan mai fesawa. Ko kuma kulocin ne ya cinye, ratarsa da ya kamata ta tsaya wajen rabin milimita ta buɗe, in ya ɗau zafi maganaɗisunsa ya kasa jawo shi. Na ƙarshen nan sau da yawa da cire ɗan siririn wosha ɗaya ake gyara shi, amma an sha canza kwamfureso sukutum a kansa.

Sai bayan duk wannan ake zuwa maganar gas, kuma geji ne ke yin ta. Mai gyara na gaske zai ɗaura geji mai agogo biyu, shuɗi da ja, ya karanta su inji na kashe, ya sake karantawa inji na kunne. A mota lafiyayya, in inji da esi na kunne, shuɗin kan zauna wajen 25 zuwa 45, jan kuma wajen 150 zuwa 250, yana iya ɗarawa in rana ta take. Duka biyun sun yi ƙasa, gas ya ragu. Jan ya yi sama fiye da kima, kandansa ba ta huce ko an cika gas ya yi yawa. Alluran biyu sun matso kusa da juna alhali kuloci ya kama, kwamfureso ya daina matsa. Wanda ya danna bakin bututu da sukudireba ya ji fiii ya yanke hukunci, ƙiyasi kawai ya yi.

Dattijon nan da ya tabbatar gas ɗina ya ragu, bai ɗauko gwangwani ba. Tocila ya ɗauko. Tunda mai na tafiya tare da gas, duk inda gas ke fita mai na biyo shi, ƙura kuma ta manne a wurin ta yi baƙin tabo mai maiƙo. A wannan ɗaya ƙurarmu ta yi mana rana, tana nuna yoyo fiye da yadda ake ganinsa a ƙasashe masu tsabtar iska. Ya bi mahaɗar bututu ɗaya bayan ɗaya, inda zoben roba ke bushewa ya tsage. Ya duba bawul ɗin bakin zuba gas, masu kama da na taya. Ya duba gaban kwamfureso. Can a ƙasan kandansa, ta ɓangaren direba, ga tabo kamar faɗin tafin yaro. Ya sa iska ya shafa ruwan omo, sai kumfa ta fara tashi daga wani ɗan rami da tsakuwa ta huda.

Ya ce, "Ga inda kuɗinka ke bi, yallaɓai."

Na yi sa'a a gaba yake. In an duba ko'ina ba a ga tabo ba, gas kuma na ci gaba da tafiya, zargi kan koma kan ibaforeta, wadda a motoci da yawa sai an sauke dashbod kafin a kai gare ta. Aiki ne na yini guda, kuma bai kamata a fara shi da zato ba. A sa a matsa iskar naitirojin a ga ko allura za ta sauka, ko a zuba kalar nan da ke haske a ƙarƙashin fitila ta musamman, a duba ruwan da ke ɗiga a ƙarƙashin mota ko ya fito da ita.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafar da gas ya fita, ta nan iska da laima suke shiga in bututu ya zama fanko. Man da ake amfani da shi da R134a yana shan laima kamar gishiri da damina, kuma in sun haɗu sukan zama sinadari mai cin ƙarfe daga ciki. Don haka bayan an toshe yoyo akwai matakai biyu da gaggawa ke sa a tsallake. A canza diraya in bututu ya daɗe a buɗe. Sannan a ɗaura injin bakyum ya zuƙe iska da laima na aƙalla rabin awa, a kashe shi a jira a ga ko allura za ta motsa. A garin da wuta ba ta tsayawa wannan na nufin tada janareto, kuma ya fi kyau mai mota ya biya kuɗin man janareton da a ce masa an hura gas an kore iskar. Gas ɗin kuma awo gare shi. A ƙarƙashin boneti akwai 'yar takarda da ta faɗi irinsa da nauyinsa, a ƙananan motoci yawanci tsakanin giram 450 da 700. A kan sikeli ake zuba shi. Mutane na cewa a ƙara gwangwani ɗaya don ya ƙara sanyi, alhali in ya yi yawa sanyin raguwa yake, kwamfureso kuma ya sha wuya.

Irin gas ɗin ma abin lura ne. Tsofaffin motoci irin su Fijo 504 da aka harhaɗa a Kaduna R12 suke sha, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina saboda yana lalata rigar ozon da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa. Daga wajen 1992 zuwa 1995 kamfanoni suka koma R134a. Shi ma yanzu ana janye shi saboda ɗumamar yanayi, kuma tun 2017 sababbin ƙananan motocin Tarayyar Turai suka bar shi, yawancinsu suka koma R1234yf. Waɗannan motoci sun fara iso mana a matsayin 'yan Kwatano. Ba a gauraya su. Haka ba a zuba wa mota R22 na esin ɗaki, wanda ƙarfinsa ya fi na bututunta, ko R600a na firji, wanda ke kama wuta kamar gas ɗin girki. Jabu kuma na yawo a kasuwannin duniya. A 2011 wasu kwantenoni masu sanyaya kaya sun fashe a tashoshin jiragen ruwa na Biyetnam da Barazil, ma'aikata suka rasu, bincike ya nuna an gurɓata R134a ɗin da wani sinadari mai suna R40 da ke cin alminiyon. Gwangwanin da farashinsa ya faɗi ƙasa da na kowa, a tambayi dalili. Kada kuma mai mota ya kwance bututu da kansa, domin gas ɗin in ya fesu a ido ko fata yana ƙonawa da sanyi.

In har kwamfureso ya mutu, to aikin bai tsaya a kansa ba. Wanda ya cinye kansa yana watsa garin ƙarfe cikin bututu duka, man ya koma baƙi. Ka je Ƙofar Ruwa a Kano ka sayo ɗan Baljiyam mai kyau, ka ɗaura a kan wannan datti, ba zai ga damina ba. Sai an wanke bututu, an canza diraya da 'yar kafar fesawa, sau da yawa har da kandansa, don ramukan na zamani sun yi ƙanƙanta da wankuwa. A zuba masa kuma irin man da aka rubuta, gwargwadon da aka rubuta.

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, mutane da yawa suka kashe esi suka sauke gilashi, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Haɗa da watannin hunturu da ba a bukatarsa, sai ka ga esi ya yi rabin shekara ba a taɓa shi ba. Robobin da ke riƙe gas da man kwamfureso suke rayuwa, in ba ya zagayawa sai su bushe. Minti goma a mako, ko da sanyin Janairu ne, ya ishe su. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka Fabrairu ne watan duba filta da fanka da kandansa, kafin layi ya yi tsawo a gareji.

Ni kuwa, sabuwar kandansata sai da aka aiko da ita daga Katsina washegari. Dattijon ya canza ta tare da diraya, ya tada janareto ya yi bakyum, ya ɗora tulun gas a kan sikeli yana duban takardar ƙarƙashin boneti. Da na tsaya a Kurfi a hanyar komawa, wani yaro mai sayar da rake ya leƙa ƙarƙashin motar ya ce, "Alhaji, motarka na zubar da ruwa." Na duƙa na taɓa. Fari ne tas, ba mai, ba kala, laimar cikin mota ce da ta taru a jikin ibaforeta mai sanyi take gangarowa ta tiyonta. Gas ɗin da aka zuba ranar shi ne a motar har bazara biyu bayan nan.